ZAMA DA MAƘWABTA: "Barka da Kirsimati" ko "Barka da Hutu"?

Hunturu ya kankama. A Kajiji da Shagari da Boɗinga yanzu ba a fita da sassafe sai da mayafi, hazo kuma yakan rufe hanyar Sakkwato har direba ya kunna fitila da hantsi. Gero ya daɗe a rumbu, dawa tana biye da shi, masu noman rani sun koma fadama. A gidajen masu bi kuwa an shiga lissafin Kirsimati: ɗinkin yara, mudun shinkafa, kuɗin mota ga mai niyyar zuwa gida. A cikin wannan lissafi akwai abu guda da ba ya cin ko kwabo, amma yakan sa mutum ya kwana yana juyi. Watau gaisuwa.

A ce kai malamin makaranta ne da aka turo Kajiji, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan sanda, ko mai shagon magani. Ran 25 ga Disamba ka fito da iyalinka cikin sababbin tufafi za ku tafi sujada. A ƙofar gida ga mai gidan da kake haya yana shan hantsi. Me za ka ce masa? In ka ce, "Barka da Kirsimati, Alhaji," wataƙila ya ɗauka tsokana ce, ko ya rasa amsar da zai ba ka. In kuwa ka ce, "Barka da hutu," sai zuciyarka ta tambaye ka, "Ashe kunyar Ubangijinka kake ji?" Ga 'ya'yanka a tsaye suna saurare, abin da suka ji daga bakinka kuwa shi za su ɗauka.

Kada wani ya ce maganar ƙarama ce. Inda masu bi suke 'yan kaɗan, kwanciyar hankalin gida tana rataye a kan zaman lafiya da maƙwabta, shaidarmu kuma tana rataye a kan gaskiyar bakinmu. Ba mu so mu yar da ko ɗaya daga cikin biyun. Bari mu duba al'amarin a hankali.

Inda gardamar ta fi zafi

A Amurka wannan gardama ta fi ƙarfi. A can ƙarshen shekara lokacin bukukuwa ne da yawa. Yahudawa suna da idin Hanuka na kwana 8, wanda yakan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Wasu baƙaƙen Amurka suna bikin Kwanza daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, bikin da aka fara a 1966. Ga kuma masu cewa ba su da addini sam. Saboda haka manyan kantuna da ofisoshi suka saba yi wa jama'a gaisuwa ta gama-gari, wadda ma'anarta ita ce "barka da bukukuwa," gama mai sayarwa bai san addinin mai saye ba.

Daga wajen 2004 wasu masu magana a gidan talabijin na Fox News, irin su Bill O'Reilly, suka tashi suna cewa yaƙi ake yi da Kirsimati. A 2005 wasu ƙungiyoyin Kirista suka yi kira a ƙaurace wa kantunan da suka cire sunan Kirsimati daga tallarsu. Sa'ad da Donald Trump yake neman shugabanci a zaɓen 2016, ya yi wa magoya bayansa alkawari cewa za a koma faɗin gaisuwar Kirsimati a fili. Da haka gaisuwa ta zama tutar siyasa.

Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, gardamar ta iso mana. Samarinmu suna ganinta a Facebook da WhatsApp, wasu har suna ɗauka cewa duk wanda bai ce wa kowa da kowa "Barka da Kirsimati" ba ya yi musun Almasihu. Amma halin Amurka dabam, namu dabam. A can Kirista su ne masu rinjaye, mai kanti kuma baƙo yake gaisarwa, wanda bai taɓa gani ba. A Kajiji wanda kake gaisarwa ka san sunansa, ka san 'ya'yansa, ka san masallacin da yake salla. Ƙasa ce kuma da Musulunci ya yi saiwa mai zurfi a cikinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Tambayar mai kantin Amurka ita ce, me zan ce wa wanda ban san addininsa ba? Tamu kuwa ita ce, me zan ce wa wanda na san addininsa sarai, na kuma san ba nawa ba ne?

Hausa ta riga ta share mana hanya

Ka lura da yadda muke gaisuwa tun kaka da kakanni. Ka tarar da mutum yana huɗa, sai ka ce, "Barka da aiki," ko da kai a kan keke kake, ba ka riƙe da garma. Wanda ya sauka daga mota, "Barka da zuwa." Matar da ta sauka lafiya, "Barka da arziki." Wanda yake zaune a inuwa, "Barka da hutawa." Mai azumi da magariba, "Barka da shan ruwa." A duk waɗannan, abin da yake hannun wanda ake gaisarwa shi ake ambata. Ba wanda yakan dawo daga tafiya ya shiga gida yana cewa, "Barkanku da zuwa." Na gida ne za su faɗa masa.

To, haka "Barka da Kirsimati" take. Gaisuwar mai Kirsimati ce. Ran 25 ga Disamba kai ne mai biki, kai ne ya kamata a yi wa barka. Alhajin da yake ƙofar gida ba shi da Kirsimati a hannunsa. Yana da kwanan da ya yi, da iyalinsa, da ɗarin da yake ji. Ka gaishe shi da waɗannan: "Ina kwana, Alhaji? Ina ɗari? Yaya iyali?" Shi kuma zai ce, "Lahiya lau," yadda mutanen ƙasar suke faɗa. Wanda ya yi haka bai ɓoye kome ba. Ya dai gaisa ne yadda Hausa ta tanada.

"Barka da hutu" ma gaskiya ce ga ma'aikacin gwamnati, gama 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu ranakun hutu ne a dukan Nijeriya. Amma kada ka faɗa wa mai ban-ruwa a fadama, domin shi ba wanda ya ba shi hutu. Nasa shi ne, "Sannu da aiki."

Ga misali na kusa da gida. Tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya rasu ran 28 ga Disamba 2018, aka yi jana'izarsa a garin Shagari. Makon Kirsimati ne. Amma wane mai hankali ne zai shiga garin a wannan mako yana barka da biki? Abin da ya dace da bakin kowa, Kirista ko Musulmi, shi ne, "Yaya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri." Halin da mutum yake ciki shi yake zaɓen gaisuwar da za a yi masa.

Akwai kuma wani abu. Abin da ya dami Kiristan Amurka shi ne gaisuwar gama-gari ta fitar da zancen Allah daga bakin mutane. Tamu ba haka take ba. Kalmar "barka" da "albarka" tushensu ɗaya ne. Da wuya Bahaushe ya gama gaisuwa bai ce "Mun gode Allah" ba, ko "Allah ya kai mu," ko "Allah ya maimaita mana." Mu ma da wannan suna muke kiran Mahaliccinmu, haka kuma yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa a 1932. Saboda haka in ka ce wa maƙwabcinka, "Allah ya nuna mana sabuwar shekara lafiya," addu'a ka yi masa, shi kuma zai amsa da "Amin" da zuciya ɗaya.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

Da fari, mu sani ba a umarce mu a ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki mu yi wata gaisuwa ta musamman a wannan rana ba. Ranar haihuwar ma ba a rubuta ta ba. Shaida mafi tsufa ta kiyaye 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma, wajen shekara ta 336. 'Yan'uwanmu Kibɗawan Masar da na Habasha suna yin nasu ran 7 ga Janairu, Armeniyawa kuwa ran 6. An ma yi zamanin da Kirista da kansu suka hana bikin: a yankin Masacuset na Amurka doka ta hana shi daga 1659 zuwa 1681, har da tarar sule 5 ga wanda ya yi. Haihuwar Almasihu ginshiƙi ce ta bangaskiyarmu. Ranar da kalmomin gaisuwar kuwa al'ada ce mai kyau da ikkilisiya ta gada. Manzo Bulus ya yi magana a kan kiyaye ranaku a Romawa 14, ya bar wa kowa lamirinsa, ya kuma hana mu hukunta juna a kai.

Na biyu, gaisuwa ita kanta wajibi ce a kanmu. A Matiyu 5:47 Ubangiji ya nuna cewa wanda yake gai da 'yan'uwansa kaɗai bai yi abin a zo a gani ba, gama kowa ma yana yin haka. Saboda haka hanyar da wasu suke bi, ta sunkuyar da kai su wuce maƙwabci ba magana don gudun kuskure, ita ce mafi muni a cikin duka. Wani zai ce, ai 2 Yahaya 10 ta hana mu gai da wasu. Ka karanta wasiƙar duka, gajeruwa ce. Maganar malaman ƙarya ce masu yawo da sunan Almasihu suna neman masauki don su ɓata koyarwa. Ba ta shafi mai gidan hayarka ba, ba ta kuma shafi mai sayar maka da itace ba.

Na uku, manzanni sun san mutanen da suke gaisarwa. Helenawa suna da kalmar gaisuwarsu, Yahudawa suna da tasu, watau salama. Bulus ya ɗauki kalmar alheri, wadda a harshen Helenanci take kusa da gaisuwar Helenawa, ya haɗa ta da salamar Yahudawa, ya riƙa buɗe wasiƙunsa da su biyun. Wasiƙar da manzanni da dattawa suka aika wa al'ummai daga Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15, da gaisuwar yau da kullum ta Helenawa aka buɗe ta. Da Bulus ya tsaya a gaban Festas, gwamnan Roma wanda ba mai bi ba ne, ya kira shi da laƙabin girmamawa da ya dace da matsayinsa, bai kuwa rage kome daga shaidarsa ba.

Na huɗu, a Karin Magana 27:14 akwai gargaɗi mai ban mamaki. Sa albarka ma, in aka yi ta da ihu tun da asuba, maƙwabci zai ɗauke ta kamar zagi. Kalma mai kyau takan lalace saboda lokaci da murya da nufin mai faɗarta.

To, ina musun Almasihu yake? Gargaɗin Markus 8:38 a kan jin kunyar Ubangiji gaskiya ne, kada mu yi wasa da shi. Musu shi ne a tambaye ka ka ɓoye. In Alhaji ya ce, "Malam, ina zuwa haka da kwalliya?" ka ce, "Za mu ɗan zaga gari ne," to, a nan ka fāɗi. Amsar mai bi ita ce, "Yau Kirsimati, Alhaji, za mu sujada, muna tunawa da haihuwar Yesu Almasihu." Ka faɗa da sakin fuska, da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya. Kalmomi kaɗan ne, amma sun fi barka ɗari da aka jefa wa wanda bai nema ba.

Don me maƙwabcinka ya yi shiru?

Wani ɗan'uwa yakan ji zafi ya ce, "Ni kowace Salla ina yi masa barka, amma shi bai taɓa yi mini barka da Kirsimati ba." Kafin ka yi fushi, ya kamata ka san abin da yake bayan shirun nan.

Malaman Musulunci sun rabu a kan wannan magana. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya hana Musulmi taya waɗanda ba Musulmi ba murnar bukukuwan addininsu. Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, ya bi wannan ra'ayi. Dalilinsu shi ne, yin barka kamar amincewa ne da abin da ake bikin, Musulmi kuwa ba su yarda Yesu Ɗan Allah ne ba, ko da yake suna girmama shi da sunan Annabi Isa, labarin haihuwarsa kuma yana cikin Suratu Maryam. A ɗaya gefen, hukumar fatawa ta Masar ta halatta, Shaihu Yusuf Ƙardawi, wanda ya rasu a 2022, shi ma ya halatta ga maƙwabta masu zaman lafiya. Shaihun Azhar, Ahmad Ɗayyib, ya sha zuwa da kansa ya taya shugaban Kibɗawa, Tawadros na 2, murnar Kirsimati. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda take maganar kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba.

A ƙasarmu ma ana ganin duka biyun. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gado a 2006, yana shugabantar majalisar addinai ta NIREC tare da shugaban ƙungiyar CAN, ya kuma sha aika wa Kirista saƙon fatan alheri a lokacin Kirsimati. A Sabon Tasha ta Kaduna, Musulmi da yawa sun sha halartar sujadar Kirsimati a majami'ar Fasto Yohanna Buru, shi kuma ya sha zuwa wajen Mauludi. Amma akwai malamai masu wa'azi kowace Disamba cewa kada a yi.

Saboda haka maƙwabcin da ya yi shiru, mai yiwuwa abin da malaminsa ya koya masa yake bi. Yana tsoron kada bakinsa ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. In ka duba da kyau, ya fi mai kanti fahimtar ma'anar Kirsimati, gama ya gane cewa zancen Allah ne ya zama mutum, ba zancen shinkafa da kaza ba. Mu da muke roƙo a bar mu mu bi lamirinmu, sai mu bar shi ya bi nasa. Ka auna shi da wasu abubuwa. Wa ya kawo maka mota da dare ran da matarka take naƙuda? Wa ya tsare maka ɗaki sa'ad da ka tafi gida? In shi ne, to, ya yi maka barka da hannunsa.

Haka nan akwai masu bi da suke jin nauyin cewa "Barka da Salla." A ganinmu ba laifi a cikinta. Ka ambaci ranar da take hannunsa, ka yi masa fatan albarka, ba ka furta shahada ba. Romawa 12:15 ta ce mu shiga farin cikin masu farin ciki. Amma wanda lamirinsa bai sake ba, kada a tilasta shi. Ya je dai ya gaisa, ya ce, "An sha hidima. Allah ya ba mu zaman lafiya." Zumunta a ƙafa take.

Sa'ad da gaisuwa ta zama makami

Dole mu faɗi wani abu mai nauyi. A daren Kirsimati na 2025 sojojin Amurka suka kai hari ta sama a cikin jihar Sakkwato a kan 'yan ta'adda, da sanin gwamnatin Nijeriya. Mutanen Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, sun ga wuta ta faɗo a gona kusa da garinsu a wannan dare. Da shugaban Amurka Donald Trump ya ba da sanarwar harin, sai ya rufe ta da gaisuwar Kirsimati, ya ce har da 'yan ta'addan da suka mutu. Zancen yaƙi da masu kisan jama'a aikin hukuma ne, dukanmu kuma, Musulmi da Kirista, mun sha wuya a hannunsu. Amma gaisuwar haihuwar Sarkin Salama ba abin yi wa gawa ba'a ba ce. Ezekiyel 33:11 ta nuna mana cewa Allah ba ya murna da mutuwar mugu, ya fi so ya tuba ya rayu. Labarin nan ya bazu a rediyo da waya, maƙwabtanmu sun ji shi. Ya rage gare mu mu sa su ji wannan gaisuwa daga bakin da yake nufinsu da alheri.

Mun kuma san yadda kalma take da tsada a jiharmu. Saƙon Kirsimati na Bishop Matthew Hassan Kukah na 2020 ya jawo ce-ce-ku-ce, har wata ƙungiya a Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar garin, fadar shugaban ƙasa kuwa ta ce yana da 'yancin zama inda yake so. A watan Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, a kan maganar da ta yi a zauren WhatsApp na ajinsu. Mugun aiki ne wanda ba shi da hujja, Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi. Ba mu kawo wannan don mu tsorata kowa ba. Mun kawo shi ne domin iyaye su zauna da 'ya'yansu su yi magana a kan abin da suke rubutawa da abin da suke turawa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi saurin tafiya.

Shawara ga gidajenmu

1. A tsakaninmu masu bi, mu faɗi "Barka da Kirsimati" da baki cike, a gida da majami'a da kan hanya, ko wa yake ji. Kada mu mai da ita raɗa. Kada kuma mu bar "barka da hutu" ta maye gurbinta a cikin ikkilisiya, gama mu mun san dalilin hutun.

2. Maƙwabci Musulmi, mu gaishe shi da gaisuwar kullum, mu ƙara da addu'ar alheri. Dattijo a ce masa Baba ko Alhaji ko Malam, dattijuwa a ce mata Inna ko Hajiya, yara kuma su durƙusa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ga babba.

3. In shi ya fara cewa, "Barka da Kirsimati," ka karɓa da hannu biyu: "Barka kadai, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci." Kada ka mai da ita ƙofar gardama, kada kuma ka yi ta yayatawa cewa Malam wane ya yi maka barka, domin kana iya jawo masa magana a wurin mutanensa.

4. In ka yi kuskure ka faɗa wa wanda bai so ba, ya ɓata fuska, ka ce, "Yi haƙuri, Malam, murna ce ta yi mini yawa." Shi ke nan. Harshe da haƙori ma sukan saɓa.

5. A ofis ko makaranta ko zauren waya inda aka gauraya, ka ambaci kowa da nasa: "Muna yi wa 'yan'uwa Kirista barka da Kirsimati, muna yi wa kowa fatan shiga sabuwar shekara lafiya." Ba ka ɓoye sunan bikin ba, ba ka kuma ɗora shi a kan wanda ba nasa ba. In zauren na aiki ne ko na karatu, kuma an yi dokar kada a kawo zancen addini, sai ka kiyaye dokar.

6. Kwano ma gaisuwa ne. Masu bi da yawa a Arewa sun saba kiran Musulmi ya yanka musu kaza ko rago domin maƙwabta su ci ba shakka. Al'ada ce mai kyau. In ka san gidan ba za su ci dafaffe ba, ka aika da cincin, ko ɗanyar shinkafa da mai, ko lemo. In an mayar da kwanon, kada ka riƙe a zuciya, kada kuma ka fasa karɓar naman layya in an kawo maka. Alheri danƙo ne.

7. Amsa-kuwwar majami'a da kiɗan samari su san lokaci. Gidan da yake bikin Mai Ceto kada a ji hayaniyar maye daga cikinsa, gama wannan yakan rushe shaidar shekara guda a dare ɗaya.

Ranaku suna zagayowa

Shekarar Musulunci ta gaza tamu da wajen kwana 11, saboda haka bukukuwansu suna zagaya dukan watanninmu cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2000 Ƙaramar Salla ta zo 'yan kwanaki bayan Kirsimati. A 2006 Babbar Salla ta zo a ƙarshen Disamba. A 2015 aka yi hutun Mauludi ran 24 ga Disamba, kashegari Kirsimati. Bisa ga lissafi, a 2033 Ƙaramar Salla za ta sake faɗowa a makon Kirsimati. Yaran da suke tsaye a bayanka yau suna jin yadda kake gai da Alhaji, a wannan shekara su ne za su zama samari da 'yan mata, wasu ma masu gida. Za su fito da sababbin tufafi, 'ya'yan maƙwabta su ma su fito da nasu, a hanya ɗaya. Abin da za su ce wa juna, yanzu ake koya musu shi.

A sujadar gida ta wannan mako, ku karanta Luka 2:1-20 da Kolosiyawa 4:5-6. Mai gida ya tambayi kowane yaro, "In Baba na ƙofar gida ya tambaye ka mene ne Kirsimati, me za ka ce?" Ku taimake shi ya shirya amsa gajeriya, mai gaskiya, mai ladabi. Sa'an nan ku ambaci gidajen maƙwabtanku ɗaya ɗaya da sunansu a cikin addu'a, ku roƙa musu lafiya da albarkar gona da tsari daga masu mugunta.

Ku kuwa masu karatu, tun da yake taku ce, muna yi muku barka da Kirsimati. Allah ya maimaita mana. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.